Kiki-kaka Tsakanin Yola Da Jimeta

Ranar da Nahla ta fara ganin Zubair, gudu mutane suke yi daga wurinsa.

A shekarun nan ne da Jimeta ta cika ta batse da 'yan gudun hijira, bayan garuruwan arewacin jihar sun faɗa hannun masu tada ƙayar baya. Kowa a tsorace yake. A lalube mutum a ƙofar masallaci, a lalube shi a ƙofar coci, ko leda aka gani a gefen hanya babu mai ita sai layi ya watse. To, a irin wannan lokaci ne wani dogon saurayi ya sauko daga keke napep a bakin ofishin su Nahla, rungume da baƙin akwatin ƙarfe, wayoyi na reto a gindinsa.

Mai gadi ya yar da sanda. Mai suyar awara ta bar kasko a wuta. Direban keken kuwa ko waiwaye bai yi ba.

"Kwamfuta ce! Wallahi kwamfuta ce!" saurayin ke ta faɗa. Amma wa zai tsaya ya ji? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ita ma Nahla tsoro ya kama ta. Sai dai ta yi karatun kwamfuta a jami'ar da ke wajen Sangere, ta san saba in ta gan ta, wato babbar kwamfutar da ake tara bayanai a cikinta. Ta matso kaɗan ta yi masa magana.

"Malam, ajiye ta ƙasa, ka ja baya, ka ɗaga hannuwanka. Ba don ni ba, don sojojin can da ke tahowa."

Ya yi yadda ta ce. Ita ta yi wa sojojin bayani, ita ta kwance murfin akwatin suka leƙa. Da ƙura ta lafa, saurayin ya share zufa ya dube ta.

"Na gode. Sunana Zubair, ni ne sabon ma'aikacinku."

"A'a," in ji Nahla, "daga yau sunanka Mai Akwati. Kuma gobe in za ka ɗauko irin wannan, don Allah ka sa ta a kwali."

Ya yi dariya. Daga baya ya gaya mata cewa rabonsa da dariya tun ranar da suka baro gida.

Ofishin na wata 'yar ƙaramar ƙungiya ne mai haɗa 'yan uwan da gudu ya raba. Shugabarsu Madam Hadassah, tsohuwar malamar makaranta 'yar Numan, mai faɗa da baki da tausayi a zuciya. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya rasa nasa sai ya zo ya ba da sunansa da lambar waya. Su kuma sansanoni su turo sunayen waɗanda suka iso, da na waɗanda aka binne. In suna ya dace da suna, sai saƙo ya tafi wayar mai nema kai tsaye, ko na murna ko na ta'aziyya.

Ba mutum ke wannan haɗawar ba. Wasu ƙananan manhajoji ne da ke aiki a bayan fage, Nahla ta raɗa musu suna 'yan aike. Akwai agogon rabon aiki da ke tashinsu lokaci-lokaci, su shiga rumbun bayanai, kowanne ya kama abin da zai yi aiki a kai ya kulle, don kada wani ya taɓa kafin ya gama. Saboda tsoron abin da ka je ya zo, Madam ta ce kada a zuba komai wuri guda. Aka ajiye saba ɗaya a Jimeta, ɗaya a wani ɗaki cikin garin Yola, 'yan aiken kowacce suna ɗiba daga rumbu ɗaya.

Shi ma Zubair mai nema ne. Mahaifinsa, Malam Hammanjoda, malamin dabbobi ne a wani gari kusa da Mubi. Ranar da aka shigo garin, ya sa iyalinsa a mota, ya ce su yi gaba, zai koma ya ɗauko wani makaho maƙwabcinsu. Tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyar Zubair, wadda kowa ke kira Dada, tana zaune a ɗakin haya a Mbamba. Lambarta aka rubuta a ofis. Ba ta karatun boko, amma wayar tana ƙulle a bakin zaninta ko'ina za ta, kuma kullum in ta sauke tuwo sai ta zuba na maigidanta ta rufe.

Soyayya dai ba ta jiran gari ya yi lafiya. Tun Nahla na cewa tausayinsa take ji, har ta daina yaudarar kanta. Shi kuwa gogan, in ta shigo ofis sai yatsunsa su manta inda haruffa suke.

Da yamma in ta hau keke za ta koma Yola, kafin ta wuce shingen sojoji na farko saƙonsa ya shigo.

"Injiniyata, ki zauna ta gefen ƙofa. In kin ga cunkoso ki sauka ki taka. Ki gaya min in kin isa, kafin nan ba ni da numfashi."

Ita kuma ta mayar: "Na isa lafiya, Mai Akwati. Sai ka yi numfashi. Ka gaishe da Dada, ka kuma ci abinci, na ga wuyanka ya ƙara tsawo."

"Tunaninki ne ke ja min shi."

"To ka rage, kada ka fi ƙofar gidanmu."

Ƙofar gidan nasu kuwa ita ce matsalar. Mahaifin Nahla, Modibbo Bobboyi, malami ne na cikin garin Yola, mutum mai sanyin magana da taurin ra'ayi. Da zancen ya kai kunnensa, ya kira ta zaure.

"Bingel am, 'yata, ban ƙi yaron nan ba," ya ce. "Na yi tambaya, an yabe shi. Amma ba a ba da 'ya a kan titi. Ya turo mahaifinsa, ko wanda zai zauna a madadinsa."

Zubair yana da baffa, ƙanin mahaifinsa, yana nan Ngurore. Sai dai da aka kai wa Dada maganar, ta ajiye muciya ta dubi ɗanta ido cikin ido.

"Ubanka yana raye wani zai je ya zauna a tabarmarsa? Ranar da baffanka ya taka gidan nan da sunan neman aurenka, ranar kuka binne shi. Ni ban yarda ba."

Shi ke nan, aka yi cirko-cirko. Modibbo na jiran dattijo, Dada na jiran miji, yara biyu a tsakiya suna ramewa. Ana cikin haka kuma ga Abdulhakeem, ɗan aminin Modibbo, ma'aikacin sakatariya mai mota da fara'a, wanda manyansa har sun zo gaisuwa. Ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi tsorata Nahla, don ba ta da aibin da za ta nuna.

"Ba zan yi miki dole ba," in ji Modibbo. "Amma ba zan yi ta juya dattawa a kan alkawarin da ba shi da ƙafa ba. In azumi ya kama mutanen Zubair ba su zo ba, sai ki sake shawara."

Azumin kuwa saura 'yan makonni. Nahla ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta tura wa Zubair saƙo, tana kiransa Hamma, wato yaya: "Hamma Zubair, ina nan. Ko me za a yi, ina nan."

Ana wata sai ga wata. Wata safiya saƙonni suka daina fita. 'Yan aike suka tsaya cak, aiki ya taru a bayansu. Zubair ya kashe sabar Jimeta ya kunna, abu ya ɗan motsa, ya sake cijewa. Ya zargi sabis, ya zargi janareta, ya sauya waya. Duk a banza. Kwana ya bi kwana, mutane suka fara taruwa a bakin ofis da wayoyinsu a hannu. Tsofaffi ne akasari, ba sa faɗa, ba sa hayaniya, kallo kawai suke yi, kuma kallon ya fi zagi ciwo.

Madam Hadassah ta tsaya a kan Nahla, hannu a ƙugu.

"Ke yarinya, abeg gaya min da Hausa. Me ya kama wannan abu? Aljani ne?"

"Ba aljani ba ne, Madam. Mu dedlok muke ce masa, kiki-kaka ke nan. Ki ɗauka mata biyu za su yi daka. Ɗaya ta riga ta rungume turmi, ɗaya ta riƙe taɓarya. Wannan ta ce ba ni taɓarya in fara, waccan ta ce ba ni turmi in fara. In sun gaji su ajiye tare, in an sake kiran daka su sake ɗauka tare, kowace ta kama abin da ta kama ɗazu. Sauran matan gida kuma suna layi da hatsinsu."

"To su waye matan?"

"Ɗaya babban ɗan aikenmu ne na sabar Yola, mai haɗa sunaye. Ɗayan ne nake nema."

Ta same shi kafin la'asar, kuma da ta same shi sai da gabanta ya faɗi. Wani ɗan aike ne da ba ta san da shi ba, yana tashi daga sabar Jimeta a daidai lokacin da babban ke tashi. Aikinsa ɗaya tak. Ya riga kowa kama bayanin Malam Hammanjoda ya kulle, sannan ya nemi shiga cikin sababbin sunaye. Babu mai iya rubuta wannan sai mutum ɗaya.

Ta sami Zubair a bayan ofis, gindin janareta.

"Hamma, ɗan aiken da ka rubuta saboda Baba, shi ya tare hanya. Dole a tsayar da shi."

Zubair bai ɗago ba. "Ya daɗe yana aiki bai taɓa tare komai ba."

"Yanzu ya tare. Dubi mutanen da ke waje."

"Kin san dalilin da ya sa na rubuta shi?" in ji shi. "In sunan Baba ya fito a cikin waɗanda aka binne, saƙo zai tafi wayar Dada kai tsaye. Ta miƙa wa wani ɗan maƙwabta ya karanta mata a tsakar gida, ni ina nan ina gyaran waya. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba, Nahla. Shi ya sa na ce babu mai taɓa sunansa sai ni na fara gani."

"Na fahimta, wallahi na fahimta. Amma..."

"Ko dai ke ma kin gaji ne?" ya katse ta. "Azumi ya matso. A saki Baba, a ce ya mutu, baffa ya je gidanku. In kuma bai yiwu ba, ai ga mai mota nan."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ina da hanyar da zan tsayar da shi ba tare da kai ba," ta ce a hankali. "Ban yi ba, don ban iya taɓa abin mahaifinka a bayan idonka. Amma tunda haka ka ɗauke ni, Allah ya ba ka haƙuri."

Ranar babu wanda ya ce mata ta zauna ta gefen ƙofa. Ta isa gida, ta riƙe wayar, ta rubuta "na isa" ta goge.

Washegari ba ta je Jimeta ba. Ta wuce ɗakin da sabar Yola take, ta ce bari ta dubi rigimar ta wannan ɓangaren. Tana zaune tana bin sawun babban ɗan aiken, sai ta ji ƙasa ta amsa. Ƙara ce daga nesa, mai nauyi, irin wadda duk wanda ya zauna garin a shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa ko mece ce. Tagar ɗakin ta yi ƙara. A waje wata mata ta fara salati.

"Jimeta ne! Wajen kasuwa ne!"

Ofishinsu kuwa bayan kasuwa yake.

Nahla ta kira Zubair, waya ba ta shiga. Ta sake kira. Ta kira Madam, shiru. Kowa a garin kira yake yi, layuka sun cushe. Aka ce sojoji sun rufe hanyar Yola zuwa Jimeta, ba shiga ba fita. Ta zauna a ƙasa dirshan, ta shiga tura masa saƙo ɗaya bayan ɗaya.

"Mai Akwati ka amsa min. Na yafe. Ka amsa min kawai."

"Hamma don girman Allah."

"Ko harafi ɗaya ne."

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a wurin ba. Ta yi duk addu'ar da Modibbo ya koya mata, ta koma ta sake daga farko. Can wayar ta yi motsi a cinyarta.

"Ina raye, Nahlata. Duk muna lafiya, gilashin ofis ne ya zube. Da na ji ƙarar, ba abin da ya zo raina sai cewa zan mutu maganar ƙarshe da na gaya miki ita ce waccan. Ki yafe min."

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, irin kukan da ke zuwa bayan tsoro ya saki mutum. Da ta ɗago, idonta ya sauka a kan kwamfutar, a kan layin da take karantawa kafin ƙarar. Sai wani tsoron ya maye gurbin na farko.

Da ƙyar kira ya shiga.

"Hamma, saurare ni da kyau. Jiya ka ce ɗan aikenka ya daɗe bai tare komai ba. Gaskiyarka. Ka tambayi kanka me ya sa sai yanzu?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Babban ɗan aike ba ya taɓa bayanin kowa sai in ya ga sunan da ya dace da shi. Yana riƙe da sababbin sunayen da aka turo, kuma abu ɗaya yake nema ya ƙarasa. Bayanin Baba. Hamma, sunan Baba ya shigo. Shi ya sa suka yi karo."

Ta ji numfashinsa ya sauya.

"A cikin waɗanne?" ya tambaya. "Masu rai, ko...?"

"Ba a gani. Tare aka turo su, kuma ba za su buɗu ba sai ya gama. Ba zai gama ba sai ka saki."

"Ba zan iya ba, Nahla. Yanzu ina da uba. In na saki, wataƙila ba ni da shi."

"In kuma yana raye fa? Yana can yana jira, kai ne ka tsaya a ƙofa. Ga abin da ya faru yau, kafin yamma mutane za su cika ofis suna neman nasu. Su ma iyayen wasu ne."

"Saƙon wayar Dada zai je. Hanya a rufe, ba zan iya isa wurinta ba."

Nahla ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi.

"Mbamba ta wannan gefen take. Ni zan je. Kada ka taɓa komai sai na gaya maka na isa. Ko me saƙon ya ƙunsa, ni zan karanta mata, hannuna a cikin nata."

Wanda bai san Yola ba ba zai gane girman abin da ta faɗa ba. Budurwa 'yar gidan malamai ta kai kanta gidan uwar saurayi, ba aike ba, ba rakiya? Ko a hanya suka haɗu, ai sai dai ta sunkuyar da kai ta sauya layi. Amma ranar Nahla ta naɗe kunyarta ta ajiye. Babu keke ko ɗaya a titi. Ta taka cikin ranar Yola mai dafa ƙwaƙwalwa, shaguna a rufe, duk wanda ta gifta sai ya bi jakarta da kallo. A wani shinge soja ya daka mata tsawa ta tsaya daga nesa, ta zazzage jakar a ƙasa, ta ɗaga hannuwa. Ta tuna ranar da ita ta ce wa wani ya yi haka.

Ta sami Dada a ƙofar ɗaki, carbi a hannu, ido a hanya. Nahla ta durƙusa har ƙasa.

"Dada, jam na? Ina wuni? Ni ce Nahla. Hamma Zubair yana lafiya, shi ya ce in zo in zauna da ke."

Dada ta daɗe tana kallonta. Ta ga ƙura a ƙafafunta, ta ga idon da ya kumbura. Ba ta tambayi komai ba, ta matsa mata a tabarma.

"Zauna, 'yata. Kin sha rana."

Nahla ta gaya mata gaskiya, ba ta rage ba. Saƙo na tafe, kuma babu wanda ya san ko wane iri ne. Dada ta kwance bakin zaninta, ta fito da wayar, ta ɗora a tafin Nahla, ta rufe da nata hannun. Hannun sanyi ƙalau duk da zafin garin.

Da ɗaya hannun Nahla ta rubuta: "Na iso. Ina riƙe da ita. Saki, Hamma."

A can Jimeta, cikin ofis mai fasassun gilasai, Zubair ya zauna gaban saba, Madam Hadassah tsaye a bayansa ta dafa kafaɗarsa tana addu'a irin tata. Ya yi bisimilla. Ya tsayar da ɗan aiken da ya rubuta da hannunsa. Nan take aikin da ya taru ya fara gudu, wayoyin tsofaffin da ke bakin ƙofa suka soma ƙara ɗaya bayan ɗaya. Shi bai iya kallon allon ba, ya rufe fuska da tafukansa.

A Mbamba wayar ta yi ƙara a tsakanin hannuwa biyu.

Nahla ta buɗe. Haruffan suka yi ta rawa a idonta, sai da ta karanta a zuci har ƙarshe kafin ta yarda ta buɗe baki.

"Albishir. An sami Malam Hammanjoda da rai. Yana sansanin da ke wajen Fufore, cikin waɗanda aka dawo da su daga Kamaru. Yana neman iyalinsa."

Dada ba ta yi guɗa ba, ba ta yi ihu ba. Ta juya gabas ta kai goshi ƙasa, ta daɗe a haka, bayanta na girgiza. Da ta ɗago sai ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon tuwon da ta rufe, ta ajiye gaban Nahla.

"Ci. Yau ke ce kika kawo shi gida."

Da aka buɗe hanya Zubair ya tafi Fufore. Ya sami mahaifinsa a gindin wata bishiya, ya rame, gashinsa ya yi fari fat, yana duba bakin akuyar wani. Makahon da ya koma dominsa yana zaune a gefensa, tare suka ƙetara duwatsu. Zubair ya rungume uban, ya fashe da kuka, yana cewa shi ne ya jawo jinkirin, shi ne ya riƙe sunansa ya hana saƙo fita.

"Na ji," in ji Malam Hammanjoda, yana bubbuga bayansa. "Wanda ya riƙe ka don tsoron rasa ka bai yi maka laifi ba. Amma yanzu sake ni mana. An ce akwai inda ake jirana kafin azumi, kuma ban taɓa ganin an je neman aure da ango rataye a wuya ba."

Ranar da dattawan suka je gidan Modibbo Bobboyi, Nahla na leƙe ta tagar ɗakin innarta, Zubair kuma yana can nesa a bakin layi, don ba a zuwa da shi. Modibbo ya fito tarbar baƙi har waje. A ƙofar zaure sai aka tsaya.

"Bisimilla, Malam, shiga," in ji Modibbo.

"A'a, Modibbo, gidanka ne, kai ne gaba."

"Baƙo ai shi ne gaba."

"Malami ai ba a shiga gabansa."

Suka yi ta yi, kowa ya miƙa hannu yana nuna wa ɗan'uwansa ƙofa, sauran dattawa sun yi layi a baya cikin rana. Nahla ta danne dariya ta rubuta: "Mai Akwati, an sake yi. Saba biyu sun cije a ƙofar zaurenmu."

Ya mayar: "Innalillahi. Wa zai fara saki?"

Makahon nan, da ya biyo su cikin dattawan, shi ne ya raba gardamar. Ya ce shi dai ba ya ganin wanda ya fi wani girma, rana kawai yake ji, ya laluba da sandarsa ya shige. Dariya ta ɓarke, Modibbo ya kama hannun Malam Hammanjoda suka shiga tare.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Abdulhakeem ma ya zo, har motarsa ya bayar aka ɗauki amarya, Allah ya saka masa da alheri. Madam Hadassah ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Da aka kai Nahla, Dada ta riƙe hannun nan nata da ta riƙe a ranar tsoro, ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Yadda kika zauna da ni ban san me zan ji ba, Allah ya zauna da ke duk ranar da ba ki san me za ki ji ba."

Yau garin ya samu sauƙi, shingaye sun ragu, 'yan aiken nan kuma sun koma neman waɗanda ambaliyar Binuwai ke rabawa da danginsu. Tun wancan makon Nahla ta kafa musu doka, kowa ya kama abubuwa a jeri ɗaya, turmi tukuna sannan taɓarya, wanda ya tarar an riga shi ya wuce ya dawo. A gidansu na Jimeta ma akwai irin wannan doka. In an yi saɓani, kowa ya kama fushinsa ya juya baya, ba a daɗewa wayar Nahla za ta yi ƙara daga ɗaya ɗakin.

"Injiniyata, na saki."

Ita kuma ta yi murmushi ta mayar: "Na riga ka, Mai Akwati. Fito ka ci abinci."

Allah ya bar su tare, ya mayar wa kowane mai nema da nasa.